Silifan da Tankari bai loda ba

Tankari mutumin Dogon Dutsi ne, ɗan kasuwar takalma, ya yi shekaru yana safara tsakanin Yamai da Guangzhou. Bokonsa bai kai ya kawo ba, amma tambaya kam sai dai ka gaji ka bar masa. Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa: ba ya sayar da takalmi mai rubutu sai an karanta masa, don ba kowace magana ake takawa ba.

Shekarar gasar Olamfik, wani lawban, wato mai masana'anta, ya nuna masa sabbin silifa. A tafin kowanne an buga hoton wata tsohuwar takarda yagaggiya mai baƙaƙe a cunkushe. Lawban ya ce Girkanci ne, ai daga can gasar ta samo asali, a intanet ya tsinto hoton. Me rubutun ke cewa? Ya ɗaga kafaɗa.

Silifan sun yi kyau, ba ƙarya. Ga biza ta kusa ƙarewa, a bana kuma ba a sabuntawa. In bai loda waɗannan ba, hannu rabbana zai koma gida.

Ya yi ta yawo da ƙafa ɗaya ta silifan a jaka, yana neman mai karanta masa. Ɗaliban jami'a suka juya ta sama da ƙasa, suka ce ba fanninsu ba ne. A tashar jiragen ruwa ta Huangpu ya dace da Dogara, Kirista daga Bauchi mai harkar lodin kwantena, wanda ya taɓa makarantar fastoci kafin neman abinci ya janye shi.

Dogara ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, wannan Linjila ce. Daga cikin kwafin farko-farko."

"Linjila a silifa? To wace irin takarda ce haka kamar tabarma?"

"Da ciyawar bakin kogin Nilu ake yin ta. Irinsu da yawa a tsohon juji aka tono su a Masar. Ka ga baƙaƙe biyun nan masu layi a kai? Sunan Yesu ne, Annabi Isa a wurinku."

Tankari ya ja kujera. Wa ya rubuta? Da wane alƙalami? Ya aka yi gara ba ta ci ba? Har la'asar ta yi Dogara na amsawa, wani wurin ya ce wallahi shi ma ya manta.

Washegari Tankari ya mayar wa lawban silifansa. Ya nemi marasa rubutu, aka ce meyo, babu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya san rumfarsa za ta yi sallah wayam.

Dogara ya raka shi tashar jirgi, ya ce cikin jin nauyi, "Alhaji, ai ba littafinka ba ne."

"Na sani. Amma da na loda, duk wanda ya taka a Yamai, ni na sa masa a ƙafa."