Kwano Ashirin na Hansatu

A daminar 2019 na fara sanin Almustapha. Lokacin ya baro gonar mahaifinsa a Darini, don noma a can ya zama sayar da rai. Ya sayar da shanun huɗarsa kafin ɓarayin daji su zo su kore su, ya sayi tsohuwar mota Golf, ya kama ɗaki a unguwarmu a Batsari. Sana'arsa yi wa mutane sayayya. A tura masa saƙon murya a waya, ya tafi Katsina ya shiga kasuwa, ya sayo, ya kai har ƙofar gida. Mutane sun rage bin hanya, shi kuwa hanyar ce ta zama gonarsa.

Na ga firiji kwance a motar nan, na ga keken ɗinki an kwance masa ƙafafu, na ga katifa an naɗe ta kamar tabarma. Doka ɗaya gare shi: sabon kaya ba ya hawa saman mota. Yakan ce, "Baba Malam, abin da ido bai hango ba, ba a tare shi a hanya."

Bara da farkon damina aka yi mini aikin yanar ido a Katsina, shi ya zo ɗaukata ranar da aka sallame ni. Ina gaba, bandeji a ido ɗaya, bargona a cinya. Bargon nan tun na makarantar mishan ne, ruwan toka, har yanzu da lambar da aka ɗinka mini a gefensa. Almustapha ya ce saura aike ɗaya. Hansatu ce ta Runka, mai sayar da tuwo, ta ce ya ɗauko mata kwano ashirin a wani shago, ƙanenta Mansur ya riga ya biya daga Legas. Ya amsa mata tun jiya, ya bar wa kwanukan wuri a bayan kujera.

Da muka isa sai ga shi shagon kayan gini ne. Mai shagon ya nuna bandir guda na kwanon rufi, sabo fil, yana ɗaukar ido.

Almustapha ya kira ta, ya buɗe murya ina ji.

"Inna Hansatu, kwanon tuwo kika ce ko na rufi?"

"Tuwon me, ɗan nan? A ina zan tuƙa shi? Ba ka ji sun ƙona mana ɗaki ba? Leda muka ɗaura, ruwan shekaranjiya ya yage ta. Ƙaramar 'yata tari take har da amai. Kafinta na nan zaune yana jiranka. Ka dubi gabas ka ga hadari."

"Inna, wannan ai kayan a-kori-kura ne."

"Ba sa shigowa sai ranar kasuwa. Kai ka ce ka ɗauka."

Ya kashe wayar ya tsuguna a gindin taya. Mai shagon ya ce a ɗaura a sama kawai, yana da igiya. Almustapha ya ce, "Alhaji, wannan ƙyallin tun daga kan dutse za a hango shi. Sabon kwano a hanyar Runka, ai shela ce cewa wani ya samu kuɗi. In ba su tare ni ba, za su bi ni har gidanta."

Na auna da taƙin hannu. Kwanon ƙafa shida ne. Daga ƙofar but ɗin motar zuwa bayan kujerar gaba ƙafa biyar ba ta cika ba, ko an kwantar da kujerun baya. Ya gwada a karkace, bakin kwanon ya yanke masa tafin hannu. Ya gwada lanƙwasawa, mai shagon ya ce in ya karye ba ya karɓa. La'asar tana matsowa, kuma bayan la'asar ba mai hankalin da ke bin hanyar nan.

Sai ya dube ni, ya dubi kujerar da nake kai.

Ya ari sifana ya kwance ta. Tsohuwar kujera ce mai yagaggen soso, ita ya ɗaura a sama, don ba wanda zai yi sha'awarta. Kwanon ya shige daga but har ƙarƙashin gilashin gaba, ƙofa ta rufu da ƙyar. Saura ƙyallin, saura ni. Na shimfiɗa bargon a kai na kwanta.

A Batsari ya tsaya a bakin layinmu zai sauke ni. Na ce ya wuce. Bargo shimfiɗe ba kowa a kai tambaya yake jawowa, tsoho mai bandeji kuwa amsa ce. Ya ce, "Baba, bayanka fa." Na ce gara nan da ɗakina, nan ko ba komai ba ya yoyo.

Mun wuce rabin hanya sai na ji ya taka birki. Babur ne a gicciye, da samari biyu da bindigogi. Ɗaya ya leƙo ta taga.

"Mi kake ɗauke da shi?"

"Tsohona ne. Daga asibiti."

"Mi ya same shi?"

"Ido. Da ƙirji."

Kwano ba ya rufa asiri, ko numfashi mai ƙarfi na yi sai ya amsa. Na danne jikina, na saki tari mai tsawo. Saurayin ya ja baya yana toshe hanci. Ya zare wayar Almustapha daga aljihun rigarsa, ya ɗauki burodin da ke gaban mota, ya ce mu ɓace. Duk lambobin masu aikensa suna cikin wayar nan. Haka ya tuƙa har Runka, hannunsa mai ciwo yana ɗigar jini a kan sitiyari.

Kafinta ya buga kwano na ƙarshe ana yayyafi. Hansatu ta sa aka shafe rufin da laka don ya dushe. A zauren maƙwabcinta muka kwana. Da safe na ga kaifin kwanon ya raba bargona gida biyu. A motar na bar shi.

Almustapha ya sha wuya kafin ya sake tara masu aike, gida-gida ya riƙa bi yana karɓar lamba. Maganar ranar nan bai taɓa tayar da ita ba, ni ma haka.

Wata Juma'a cikin watan Agusta na dawo daga masallaci, matata Larai ta ce Almustapha ya zo da tsani, ya hau rufin ɗakina, ya sauka, ko ruwa bai tsaya sha ba. Na ja baya na ɗaga kai. Daidai saitin gadona akwai kwano ɗaya da ba tsatsa, an shafe shi da laka. A kan gadon kuma ga bargona a ninke, an haɗe shi da zaren buhu.