Ranar da Na Ari Yaran Malam Buba

Ƙannena, ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta yanzu, kuma su ba su yi wa kowa laifi ba. Ku dai sani ni direba ne. Kafin in lalace, akori-kura nake ja tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, in ɗauki gero da gyaɗa, ranar kasuwa in ɗauki awaki da masu su. Ban taɓa sa hannu a aljihun kowa ba. Ina alfahari da haka, har ina yi wa yaran mota wa'azi a tasha.

Abin ya faro ne daga wani hedimasta na wata firamare a ƙauyen Roni. Yaran makarantarsa sun yi ta raguwa. Wasu iyayen sun kwashi iyali sun koma birni, masu ɗan hali sun mayar da 'ya'yansu makarantar kuɗi, sauran kuma da damina ta faɗi sai gona. To idan masu duba makarantu suka zo ƙidaya suka tarar da aji wayam, haɗe makarantar ake yi da wata, a watsa malamai can nesa. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Direba, gobe za a zo ƙirga mana yara. Ka kawo mini ƙannenka su zauna a aji na ɗan lokaci, ai taimakon ilimi ne." Na kawo ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Ya sallame ni da abin da ya fi lodin gyaɗa, ban ko yi gumi ba.

Daga nan kunya ta fara fita daga idona. Wani hedimasta ya gaya wa wani, wani mai dafa abincin 'yan makaranta, da ake biya bisa yawan yara, ya gaya wa abokinsa. Na ɗinka kayan makaranta kala-kala na zuba a buhu. Yaro ɗaya sai a ƙirga shi da shuɗiyar riga a Roni ranar Litinin, ranar Laraba a ƙirga shi da koriya a wajen Babura. Idan zuciyata ta motsa sai in ce mata, wa na cuta? Yara sun sha iska a mota, sun ci biskit, sun koma gida.

A cikin fasinjojina akwai Malam Buba, wani Bafulatani siriri mai yawan shiru. Shi kaɗai ne malami a makarantar wata ruga a dajin Gwiwa. Makarantar ma inuwar tsamiya ce da allo a jingine. Ya sha wuya kafin iyaye su yarda su ba shi yara, bukka-bukka ya bi yana lallashi. Yayin da makarantun ƙauye ke raguwa, tasa cika take yi. Na taɓa kai masa alli, sai wata 'yar yarinya mai suna Shatu ta tsaya a bayan motata, tana bin rubutun jikinta da yatsa, tana karantawa a hankali: "Allah ya kiyaye hanya." Malam Buba ya yi ta murmushi. Ya ce mini, "Wannan da za ta samu dama, likita ce."

Wata Asabar ya shigo motata da fara'a ya ce, "Direba, taya mu addu'a. A mako mai zuwa za a zo ƙirga yarana. An ce idan an same su da yawa za a gina mana aji, a ƙaro mana malami." Na ce Allah ya sa. A wannan makon ne kuma hedimastan nan na farko ya matsa mini lamba. Ƙidayarsa ranar Talata ce, gari kuwa duk yara suna gona, ban samu ko na rantsuwa ba. Sai Shaiɗan ya tuna mini da tsamiyar Malam Buba. Na ce a raina, hanyar ruga ba ta da kyau, masu ƙidaya ba za su kai can ba sai ƙarshen mako.

Ranar Talata da sassafe na tare yaran a kan turba tun kafin su isa tsamiya. Sun san ni, ba su ji tsoro ba. Na ce Malam ne ya aiko ni in kai su gari su karɓi sababbin littattafai. Suka yi ta tsalle suna hawa. Shatu ce kawai ta tsaya, ta ce, "Baffa, za mu dawo kafin a saki shanu?" Na ce mata sosai ma, ban ko saurari tambayar da kyau ba.

Wannan ita ce wautar ɗan gari. Ni a sanina makaranta sai azahar ake tashi, iyaye ba sa neman yaro kafin nan. Ban san makarantar ruga da hantsi take tashi ba. Da raɓa ta bushe ake sakin dabbobi, kuma kowane yaro yana da 'yan maruƙa ko tumakin da zai kora. Da wannan sharaɗin iyaye suka ba Malam Buba 'ya'yansu: karatu da safe, kiwo da hantsi.

Muka isa makarantar hedimasta, aka sa musu shuɗin kaya, aka zaunar da su. Masu ƙidaya shiru. Hantsi ya yi, rana ta take. Yaran suka fara leƙen taga, ƙananan suka soma kuka. Shatu ta zo bakin ƙofa ta ce, "Baffa, maruƙanmu suna ɗaure." Na daka mata tsawa ta koma. Can sai wayar hedimasta ta yi ƙara. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sun sake hanya. Wai ta ruga suka fara." Ya ce in kwashe su yanzu-yanzu, shi bai san ni ba.

Na loda su ko kayan ban cire musu ba, na taka mota. Ashe tun da hantsi ruga ta hargitse. Masu ƙidaya sun tarar da Malam Buba shi kaɗai a gindin tsamiya da allinsa a hannu, suka juya. Iyaye mata suka zo neman yara, babu yara. Wani ya ce ya ga mota ta kwashe su, labari ya bazu cewa ɓarayin yara sun shigo.

A mashigar wani rafi suka tare ni. Maza ne da sanduna, wasu a kan babur. Suka ga 'ya'yansu cikin kayan da ba su sani ba, suna kuka a bayan mota. Aka fizgo ni ta taga, sandar farko ta sauka a kafaɗata, ta biyu a ƙeya. Na ji wani yana cewa a kawo fetur. Na yi kalmar shahada, na rufe ido.

Sai na ji mutum ya faɗo a kaina. Malam Buba ne. Ya rufe ni da jikinsa, sanda ɗaya ma a bayansa ta sauka. Yana ihu da Fulatanci, sannan ya juya da Hausa ya ce, "Don Allah kada ku kashe shi a gaban yara! Ku bar wa hukuma!" Shi ya riƙe ni har 'yan sanda suka zo. Da za a sa ni a mota, ya dube ni ya ce, "Direba, kai kaɗai na gaya wa." Wallahi sandunan ba su yi mini zafin wannan maganar ba.

Alƙali ya ɗaure ni kan kwasar yara ba da sanin iyayensu ba, da kuma zamba. Hedimasta ya rasa aikinsa. Na sha shekaru a gidan yari. A can mahaifiyata ta rasu ban ga gawarta ba, motata kuma aka sayar. Na tuba, na yi ta roƙon Allah, ina ganin na biya abin da ke kaina.

Da aka sake ni, na hau acaɓa na je rugar don in nemi gafarar Malam Buba. Tsamiya tana nan, tumaki na kwance a gindinta. Wani dattijo ya ce mini an rubuta cewa makarantar ba ta da yara, aka soke ta. Iyaye kuma suka rantse ba za su sake ba boko ɗa ba, tunda ta hanyarsa aka kwashe musu 'ya'ya. Malam Buba ya yi ta bin su yana roƙo har ya gaji, ya bar yankin. Dattijon bai san inda ya nufa ba.

Bara na kai ɗana asibiti a Kazaure. Ina zaune a benci, wata matashiya da goyo a bayanta ta matso, ta miƙo mini kwalbar magani. Ta ce, "Baffa, don Allah duba mini, sau nawa aka ce in ba shi? Na fara karatu ina ƙarama, amma ya gudu." Na ɗaga kai. Shatu ce. Ita ba ta gane ni ba, furfura ta sauya ni. Na karanta mata. Ta ce, "Allah ya saka da alheri," ta tafi. Na kasa cewa amin.

Ƙannena, duk wanda ya ce muku ƙarya ce 'yar ƙarama, ba wanda za ta cuta, ku tashi daga wurinsa. Ni ma haka aka ce mini, haka na ce wa kaina. Kujerar aji da ka cika da yaron aro, wani yaron ka ɗauke wa tasa. Alƙali ya yanke mini shekaruna kuma na gama su. Waɗanda na yanke wa Shatu har yau ba ta gama ba.