Man Shanu a Saksofon Akawu

Duk wanda ya yi zamani da Ɗanmaliki baduku a Kankiya zai gaya maka hannunsa na da kyau, kuma bakinsa ya fi na kowa saurin faɗin haka. A Kusada aka haife shi, gidan dukanci kaka da kakanni, tun yana rarrafe yake wasa da guntayen kirgi. Shekarar da aka sami mulkin kai ya kwaso basillarsa da askarsa da matarsa Mairama ya dawo Kankiya, wai Kusada ta yi wa gwanintarsa kaɗan. Ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana ɗinka takalma da kube da zabira. In ka kawo masa aiki ka kuskura ka tambaya ko zai iya, sai ya dube ka kamar ka zage shi, ya ce, "In dai hwata ce, aje ka tahi." Abin haushin kuma, in ka dawo sai ka tarar ya iya ɗin.

A wannan rumfar ya haɗu da Augustine, mutumin Gabas, akawu a ofishin masu aikin hanya. Maɗaurin wani baƙin akwati ne ya tsinke, ya kawo gyara. Da aka buɗe akwatin sai ga wani lanƙwasasshen ƙaho na tagulla, jikinsa duk murafe da 'yan sanduna. Augustine ya ce sunansa saksofon, mahaifinsa ne ya busa shi a badujalar 'yan sanda, ya rasu ya bar masa. Ɗanmaliki ko kallon tagullar bai yi ba. Abin da ya ja idonsa shi ne ƙarƙashin kowane murfi akwai ɗan matashin fata, zagayayye mai laushi, wanda ke toshe ramin in an danna. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku, ya ce, "Ashe abin naka rabinshi aikinmu ne, Akawu."

Daga nan abota ta ƙullu. Kullum bayan la'asar Augustine kan fito da garmaho ƙofar gidansa, ya ɗora faifan wani kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira jaz. Yakan sa yatsa a gefen faifan ya rage masa gudu don ya ji yadda mai busar ya bi, sannan ya ɗauki saksofon ya kwaikwaya, ya mayar da allura baya, ya sake, har sau goma. Ɗanmaliki ya ce shi bai taɓa jin kiɗa marar amfani irin wannan ba, tun daga farko har ƙarshe ba a yi wa kowa kirari ba. Duk da haka babu la'asar ɗin da ba a ganinsa kan bencin Akawu, yana ɗinki yana kushe.

Sai shekarar 1966 ta zo da tashin hankalinta, mutanen Gabas suka yi ta barin Arewa da abin da hannu zai iya ɗauka. Wata rana da hantsi Augustine ya shigo zauren Ɗanmaliki da akwatin da garmahon da faifai shida, idonsa jawur. Ya ce, "Aboki, ka ajiye mini. In na rayu zan dawo." Ɗanmaliki ya karɓa da hannu biyu, ya raka shi har ya ga tashin motarsu.

Ba Augustine kaɗai ya bar ajiya a garin ba. Wasu sun bar keken ɗinki, wasu gadon ƙarfe, wasu rediyo. Akwai waɗanda suka riƙe amana, akwai kuma gidajen da kafin shekara ta zagayo kayan suka zama nasu, har ana nuna wa baƙi. Ɗanmaliki, da yake bakinsa ba ya da linzami, bai bar waɗannan sun sha ruwa ba. A tsakiyar kasuwa yake kiransu macuta, ya bugi ƙirji a gaban jama'a ya rantse cewa ajiyar Akawu za ta koma hannun mai ita yadda ta zo. Mutane suka ji, masu jin haushinsa kuma suka riƙe maganar suna jiran ranar da za su tuna masa.

Da bazara ta yi tsanani ya buɗe akwatin don ya duba, ya tarar 'yan matasan nan sun fara bushewa. To, kowane baduku ya san busasshiyar fata mai take so. Akwai wani Bafillace mai suna Bube da ke kawo masa fatu daga rugarsu kusa da Bauranya, sai ya sa shi ya kawo man shanu mai kyau, sabon kaɗi. Ya zauna ya shafe matasan nan tas, kamar yadda zai yi wa takalmin ango. Suka yi laushi, suka yi sheƙi. Ya rufe akwatin ya tura ƙarƙashin gado, ya fita yana jin babu wanda ya kai shi iya riƙon amana a ƙasar Katsina.

Bayan damina ya jawo akwatin. Tun kafin ya buɗe warin ya gaya masa labari. Ɓera ya huda kusurwa ya shiga, kiyashi sun bi shi, sun cinye fiye da rabin matasan har kwalin da ke bayansu. Waɗanda suka tsira kuma sun manne da bakin ramukan, yana ɗaga murfi sai fatar ta yage. Ɗanmaliki ya zauna daɓas a ƙasa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ba sakaci ya yi ba, gwanintar da yake taƙama da ita ce ta kashe gadon mutum. Kwana uku bai leƙa rumfa ba.

Mairama ta ga abin na neman ya zama ciwo, ta ce, "Maigida, ka ce hwatar Turawa ce ta mutu don kanta mana. Wa ya gani?"

Ya ce, "Ni na gani. Kuma hwata ce, ba aljani ba. Ni na ɓata, ni za ni gyara."

Ya sa Bube ya nemo masa fatar ɗan akuya wanda bai fara cin ciyawa ba. Ya tsaya kan majemi har aka jeme ta yadda yake so, ya yi ta kankare ta da aska sai da ta kusa zama takarda. Ya yanka tsohuwar hularsa ta dara ya yi cikon ciki, ya sa kwalin sukari a baya. Ya manna da ƙaro, rani ya zo ƙaron ya farfashe, ya cire duka ya sake da haɗin ƙaro da kakin zuma. A ido aikin ya fi na asali kyau, amma ido ba ya busa. Ya tuna Akawu ya taɓa nuna masa cewa muryar can ƙasa, mai kauri, ba ta fita sai duk murafen sun rufe ruf, in ɗaya ya bar ƙofa ko ta silin gashi guda ce, sai dai ka ji huci. Wato babu yadda zai san ya gyara sai ya koyi busa da kansa.

Nan fa aka sami abin magana. Baduku ɗan baduku ya koma mabushi! Dattawan Kusada suka aiko a tambaye shi ko roƙo zai fara. Don ya huta da surutu sai ya riƙa ɗaure akwatin a bayan keke duk ranar da ba kasuwa, ya tafi rugar Bube ya zauna gindin kirya. Busarsa ta farko ta sa karnukan rugar haushi, Bube ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Aradu Kaɗo, jakina ya hi ka murya." Da tsinken gorar da ake ɗaurawa a bakin busar ya tsage, ya feƙe wani daga sandar gora, ya ɓata kusan talatin kafin ɗaya ya yi magana. Wani Bayarabe mai gyaran rediyo, Kola, ya ji tausayinsa ya haɗa masa ƙwan tocila da waya da batir. Sai Ɗanmaliki ya rufe ɗaki da rana, ya zura ƙwan cikin saksofon, ya danne murafen, duk inda haske ya leƙo ya san nan iska ke gudu. A gida kuma ya ɗora faifan Akawu, ya sa yatsa a gefe yadda ya ga ana yi, yana bin kiɗan da ya sha kushewa.

Shekara uku muryar ƙasan nan tana yi masa gardama. Ranar da ta fito, a rugar yake, ta fito da kauri har ya ji ta a haƙoransa, shanun Bube suka ɗago kai suka tako suka kewaye shi. Ɗanmaliki ya sauke saksofon ya ce wa Bube, "Ka gani? Ni dama na san za ta hito."

Yaƙin basasa ya ƙare, wasu suka dawo, Augustine shiru. Aka fara cewa ya mutu. Wani mai badujala daga Kano ya zo ya taya saksofon da kuɗin da zai sayi babur, Ɗanmaliki ya ce ba nasa ba ne. Amma gaskiyar magana, zuwa lokacin ya kamu da son abin. In kwana biyu suka wuce bai busa ba sai ya yi ta faɗa da kowa a gida. Yana roƙon Allah Ya dawo da abokinsa lafiya, yana kuma jin faɗuwar gaba duk ranar da baƙuwar mota ta tsaya a tasha.

A shekarar Udoji, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane ma'aikaci sayen rediyo mai kaset, wata akori-kura ta tsaya a tashar Kankiya ranar kasuwa. A bayanta akwai manyan lasifikoki da wani piyano mai aiki da lantarki. Augustine ne ya fito, kansa ya yi furfura, yanzu shi ke jagorantar makaɗan wani otal a Kaduna. Da suka gama rungumar juna da tambayar rayayyu da matattu, Ɗanmaliki ya kai shi zaure, ya ajiye akwatin a gabansa, ya dafe murfin.

Ya ce, "Kahin ka buɗe, Akawu, ka ji. Na shahwa mashi man shanu, ɓera ya cinye hwatun. Babu ɗaya daga na mahaihinka da ya rage. Duk wanda ka gani ciki, aikina ne."

Augustine ya jawo akwatin gabansa. Ya buɗe, ya ɗaga murafen ɗaya bayan ɗaya yana duba jar fatar da ke ƙarƙashi. Sannan ya haɗa bakin, ya danne duka, ya hura a hankali. Muryar ta cika zauren, ba huci ba gargada. Ya sauke, ya goge ido da bayan hannu, ya ce, "Ko a hannun babana bai taɓa rufewa haka ba. Wa ya gwada maka?"

"Wa kau zai gwada? Ni."

"To busa in ji."

Ɗanmaliki ya gyara tsayuwa ya busa kiɗan faifan da ya fi so, da ƙarfin hali kamar shi ya ƙirƙire shi. Ana tsakiya Augustine ya fashe da dariya. Ashe faifan ya karce, allura na tsallake wani wuri, shi kuwa baduku shekara da shekaru yana busa kiɗan har da tsallaken. Augustine ya karɓa ya busa masa guntun da ya ɓace, sau uku, har ya kama. Sannan ya miƙa masa saksofon ya ce, "Aboki, ka riƙe. Ni yanzu piyanon lantarki nake bugawa, shi mutane ke so. Wannan ya zama naka."

Ran Ɗanmaliki ya biya, babu abin da yake so a duniya kamar ya ce to. Hannunsa har ya ɗan miƙe. Sai ya janye shi ya ce, "A'a. In ya kwana gidan nan, gobe za a ce kayan Akawu ma sun zauna inda na sauran suka zauna, kuma wanda ya ci na mutane zai ce ai duk ɗaya muke. Ajiya ka ba ni. Tashi mu je."

Ya goge saksofon, ya kwantar da shi a akwati, ya ɗora a ka. Augustine ya rungumi garmaho da faifai. Akwai gajerar hanya ta bayan gari zuwa tasha, amma Ɗanmaliki ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, ta layin 'yan tebur, ta gaban mahauta, ta rumfar teloli inda wani keken ɗinki ke aiki wanda kowa ya san asalinsa. Duk wanda ya tambaya ina zuwa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai kaya ya zo, za ni kai mashi mota." Hawaye na bin gemunsa, hannuwansa biyu na riƙe da akwatin, bai sami na sharewa ba, haka ya bi kasuwar har tasha.