Saniyar da Labbo Ya Rasa Mai Ita

Labbo Bafillace ne mai noma da kiwo a wani ƙauye kusa da Sassumbrum, tun zamanin da Faransawa ke mulki a Magaria, gyaɗa na tsada, mutane kuma na jin kunyar juna. Dogo ne siriri, ba ya son magana biyu. Shanunsa ba su da yawa, amma ko ƙaya ce ta soki ɗaya sai ya kwana da sanin ta.

Wata shekara baƙon dauro ya shiga ƙauyen ya yi ɓarna. Yaran da suka tsira suka rame, sai ido sai haƙarƙari, ga rani ya yi tsanani, shanun gari sun tafi nesa neman ciyawa. Wata tsohuwa, Inna Ƙande, ta kafa rumfa a ƙofar gidanta tana dama musu kunu, matan gari na kawo mata gero tafi-tafi. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta.

Labarin rumfar ya kai kunnen likitan Magaria, wani baƙin mutum ɗan Dahome. An ce wata ƙungiyar mata a can ƙasar Faransa ta aiko masa da gudummawa don yaran karkara. Da ya zo ya ga rumfar, ya ce yaran nan yunwa ce ciwonsu. Ya koma ya sayi saniya mai ciki, ja mai farin goshi, ya sa aka koro ta. Tafintan likita ya faɗi sharaɗi a gaban maigari: madararta ta yaran rumfa ce, ba a sayarwa. Sannan likita ya ɗauki igiyar da hannunsa ya miƙa wa Labbo.

To, a nan aka yi kuskuren da ba wanda ya lura. Shi likita kyauta ya bayar. Labbo kuwa, a wurinsu in mutum ya damƙa maka igiyar saniya hannu da hannu, habbanaye ce: ka riƙe ta ta haihu uku, 'ya'yan su zauna, uwar ka mayar wa mai ita, daga nan kun zama 'yan'uwa har jikoki. Ranar nan Labbo ya koma gida yana jin ya yi babban aboki a Magaria.

Ya sa wa saniyar suna Wule. Wayyo, Wule ta ga gata! Harawar wake da ya hana nasa shanun ita yake ba. Kullum da hantsi matarsa Fadi ta tatsa, shi da kansa ya ɗauki ƙwaryar zuwa rumfa, abin da mazan Fulani ke jin nauyi. Mutane na tsokanarsa wai Wule ce uwargida, ya yi murmushi ya wuce. Yara suka yi kumatu. Wanda aka kawo a goye ya koma gida da ƙafarsa, har daga ƙauyukan kewaye ake kawo su. Wule kuma in ta jiyo tarinsa daga nesa sai ta hau kuka tana jan turke.

Shekaru suka tafi, ta haifi karsana biyu da ɗan maraƙi. Da aka yaye na ukun, Labbo ya daina cin abinci sosai. Fadi ta gane.

"Malam, ka bar ta. Mutumin nan bai san habbanaye ba. Wa ma zai tambaye ka?"

"Ni na sani ai," in ji shi. "'Ya'yanta sun fara ba da madara, rumfa ba ta rasa ba. In na cinye ta, wa zai ƙara ara wa ɗana ko akuya?"

Ya wanke ta, ya shafa wa ƙahonninta man shanu, ya sa ta gaba har Magaria. A gidan likita ya tarar da baƙuwar fuska, wani Likita Mainassara, majinyata sun yi masa layi. Ya saurari Labbo har ƙarshe, ya ce:

"Baba, wancan an canza shi tuntuni, ya koma ƙasarsu. Masu aiko da taimakon ma sun daina. Saniyar nan kado ce, wato kyauta, ba mai jiran ta. Ka koma da abarka."

Wani da murna zai yi. Labbo ji ya yi kamar an yi masa rasuwa. Shekara da shekaru yana tanadin ranar da zai tsaya gaban abokinsa ya ce ga amanarka, ashe abokin ko sunansa bai riƙe ba. Ya ja Wule gindin wata tsamiya ya zauna, ya rasa gaba ya rasa baya.

A inuwar akwai wata mata daga Guci, Barakatu, da jikanta a cinya, ƙafafunsa kamar sillen kara. Labbo ya san irin wannan rama. Ya tambaye ta, ta ce su ma baƙon dauro ya ratsa su bana, irin yaron nan sun fi a ƙirga, ita da maƙwabtanta ke fama da su da ruwan kunu. Ya daɗe yana kallon farin goshin Wule. Sai ya tashi ya miƙa wa matar igiya, ya faɗa mata sharaɗin madara yadda aka faɗa masa, ya ce ta riƙe har haihuwa uku.

Barakatu ta yi godiya har da hawaye, sannan ta ce, "To Baba, in ta haihu uku, gidan wa zan mayar da ita? Faɗa mini sunan garinku."

Sunan garin ya zo masa har baki. Da ya faɗa, da Wule ta dawo ta tsufa a turkensa, ba kuma wanda zai ce ya yi ba daidai ba. Yana son haka ƙwarai. Wule ta sa hanci tana shinshinar rigarsa.

"Ba tawa ba ce, baiwar Allah," ya ce. "Ki tambayi garin da yara ke kwance, ki kai ta can."

Ya juya ya kama hanyar Sassumbrum. Wule tana ta kuka a bayansa, shi kuma ya danne tarin da ya taso masa har sai da ya fita gari, don kada ta ji ta tsinke igiya.