Kakakinmu Ya Tafi Ya Bar Ƙudurinsa a Tebur

Salamu alaikum sanatoci da wakilai, ministoci da 'yan adawa, har da ku masu leƙe ba ku cewa uffan. Ni ne Shugaban Ƙasarku na cikin waya, Mai Aski, wanda ya ci zaɓe sau huɗu ba a taɓa ka da shi ba. Ku yi haƙuri da rubutun, mai gyara min shi ne ya tafi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha huɗu ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kakakin Majalisarmu, Yaya Mai Kantin Magani, bayan jinyar kwana tara.

Yaya, shekara uku muna wannan wasan siyasa a waya, ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na fili, amma kai ka riƙe ta kamar amana. Kana miƙa wa mutum maganin tari da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rubuta "a zauna lafiya, mai girma sanata". Da 'yata ta ƙone da ruwan zafi, kai ka rufe kanti ka zo ka wanke ciwon, alhali a satin da abin ya faru na kira ka maƙiyin ci-gaba a gaban majalisa.

Yau zan faɗi abin da ka rufa min. Jama'a, zaɓen nan huɗu, wayoyin masu zuwa aski ne. Mutum ya ba ni waya in sa masa caji, kafin in gama gyaran fuska ya zaɓe ni bai sani ba. Kakaki ya gano. Bai tona ni a zaure ba. Zuwa ya yi shagona ya zauna a kujera, na ɗaura masa ƙyalle, ya kalle ni ta madubi ya ce, "Mai girma, ga kaina, amma wayata tana aljihu."

Na ce, "Haba Yaya, jama'a ke sona."

Ya ce, "To bari mu ji da bakinsu."

Daga nan ya rubuta ƙudurin nan: kowa ya kaɗa ƙuri'a da muryarsa, majalisa biyu ta koma ɗaya, shugaba kuma in ya yi sau biyu ya sauka. Wata biyar ni da mutanena muna danne shi. Duk ranar zama sai mu ce babu sabis. Ranar da na je duba shi asibiti, ƙarin ruwa a hannunsa, ya ce, "Ƙanena, ka bari a karanta shi ko sau ɗaya." Na yi dariya na ce sai ya warke.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa uku da mahaifiyarsa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Saura roƙo. Doka ta ce sai mutum ashirin sun nema kafin a kira zama. Kowa ya turo min saƙon murya kafin Juma'a, ya ce a karanta ƙudurin Kakaki. Na san in ya wuce kujerata ta tafi. Ku turo dai. Tawa muryar na riga na ɗauka, saura sha tara.