Jarkar Baba ta Sha Sabulu

Da anka raba gadon Baba, Yayana bai yi gardama kan gona ba, bai yi kan jaki ba. Jarkar ƙarfe ya rungume. Tsohuwa ce, wadda Baba ke zuba ma injin ban ruwa fetur da ita a fadamarmu ta bayan Wurno. Ko babu kome cikinta, in ka ɗauke ta sai ka nemi mai ja maka kafaɗa. Yaya ya ce an daina ƙera irinta a duniya. Na ce lalle masu ƙerawa sun tuba.

Duk fadamar kowa ya koma jarkar roba, irin rawayar nan ta man gyaɗa. Yaya kan ce wannan ba jarka ba ce, tulun yara ne. Maƙwabcinmu na gona, wani dattijo mai haƙuri, shi ya fi shan wannan gori, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da jan tiyonshi.

Sai jarkar ta fara yoyo ta gindi. In Yaya ya ɗauro ta bayan babur daga Goronyo, ba ka bukatar tambayar hanyar da ya bi. Layin ɗigo ne tun daga gidan mai har ƙofar gida. Na sha gaya mishi rabin man da yake saye sadaka ne ga titi, Allah shi karɓa.

Ya narka tsohon silifa ya liƙa, fetur ya cinye shi kamar tuwo. Ya sa cingam, shi ma fetur ya tafi da shi. Ya kai ta wurin mai walda a kasuwar Goronyo. Mutumin ya buɗe murfi, ya shinshina, ya ja da baya.

"Alhaji, mi na yi maka? Ina da ɗiya ƙanana."

Wani tsohon direba da ke zaune nan shi ya ba shi magani: sabulun wanki. A jiƙa shi kaɗan, a murza, a cusa cikin tsagar. Fetur ba ya narka sabulu. Na yi dariya har hulata ta faɗi, amma wallahi abin ya kama. Ko ɗigo. Yaya ya riƙa ɗaga gindin jarka yana nuna ma mutane kamar wanda ya sayo sabuwar mota.

Bazarar nan albasarshi ta fara ƙwai, lokacin da in ta rasa ruwa ba ta yafewa. Mai kuma ya yi wuya. Da ƙyar ya samo cikin jarka, munka iso fadama rana ta take, ganyen albasa duk ya sunkuyar da kai. Jarka ta ɗau zafi ta kumbura, tana ƙara ita kaɗai kamar mai ciwon ciki.

To mu a fadama, duk abin da kake ƙauna cikin ruwa kake aje shi in rana ta yi zafi. Goran fura, goro cikin leda, kankana, duk hanyar ruwa ce firjinsu. Maƙwabci na ban ruwa lokacin, hanyarshi cike. Yaya ya ɗauki jarkar Baba da girmamawa ya zaunar da ita ciki kusa da furarmu, ya ce ta huta kafin mu yi azahar.

Muna sallamewa na hango wani fari-fari yana tafiya bisa ruwa. Kumfa. Direban ya ce fetur ba ya narka sabulu; ba wanda ya tambaye shi batun ruwa. Yaya ya ruga da carbi a hannu, ya fizgo jarka, ya girgiza. Da nauyinta. Ya yi hamdala ya juye cikin inji. Ya ja igiya, inji ya yi tari. Ya sake ja, inji ya yi atishawa ya yi shiru. Abin da fetur ya bari, ruwa ya cika.

Maƙwabci ya zo ya tsaya yana kallon kumfar da ke shiga gonarshi.

"Ɗan'uwa, tawa albasa dai ta yi wanka. Taka fa?"

Bai jira amsa ba. Ya koma bukkarshi ya dawo da jarkar nan rawaya, da sauran mai cikinta, ya aje gaban Yaya ba tare da ya ce tulun yara ba, abin da ya fi zagi ciwo. Munka zubar da ruwan inji, munka wanke mishi ciki, kafin la'asar albasa ta sha ta ɗaga kai. Furar ce dai ba ta shawu ba. Ko kare ya shinshina sai ya bar unguwar.

Yanzu Yaya na da jarkar roba. Cikin buhu yake ɗauro ta, wai don ƙura. Ta Baba kuwa tana zaure, bisanta yake zama yana sauraren rediyo. Kwanan baya ya buga mata tafin hannu ya ce mini in duba da kyau, tun ranar nan ko ɗigo ba ta sake yi ba.