Ranar da Mama Elisante Ta Ƙi Gurje Min Haƙora

Duk wanda aka haifa a Ngarenanyuki ba sai ya faɗi garinsu ba, ya yi dariya kawai. Ruwan da muke sha ne yake rina mana haƙora, su yi ja kamar an jiƙa su a shayi. A gida ba wanda ya damu, tunda daga fasto har mai gyaran keke duk haka muke.

Mama Elisante ma haka nata suke, ita da take aikin haƙori a ƙaramin asibitin coci. Gajeriya ce, ga faɗa, hannunta kullum ƙamshin sabulu. Sau biyu a shekara take son ganin kowa, bayan an cire masara da kuma gab da Kirsimeti. In ka ƙi zuwa, a kasuwa za ta tare ka, gaban masu ayaba.

"Baba Pallangyo, ni kake wa ɓuya? Buɗe in gani!"

Tsoho da furfurarsa sai ya wangale baki, mata suna ta shewa. Kai, ina kewar kujerar nan tata mai ƙara, wadda sai an taka da ƙafa take ɗagawa. Tana kankare maka dattin da ya daskare a gindin haƙori da ɗan ƙarfenta, tana ba ka labarin auren da ya mutu a ƙauyen gaba. Ka kurkure, ka tofar a tasa, ka fito kana lasar haƙora, bakinka sakayau.

Ina da shekara ashirin da ɗaya wani babban otal a Arusha ya kira mu, ni da ƙawata Ndekirwa, aikin tarbar baƙi. Matar da ta duba mu ta ce komai ya yi, sai dai bakin. Ta ba mu mako biyu mu gyara. Allah ya sani ina son aikin nan kamar raina, don na gaji da ɗaukar ciyawar shanu.

A bayan tashar motar Arusha akwai wani mutum mai ɗan inji, yana gurje jan har farin ya fito. Can Ndekirwa ta tafi. Ni kuwa na ce wurin gwana zan je. Mama Elisante ta kwantar da ni, ta yi kusan awa guda tana wanki, sannan ta miƙo madubi. Suna nan jajayensu, sai sheƙi.

"Mama, ai ba ki yi komai ba!"

"Datti na cire, 'yata. Wannan jan a cikin haƙorin yake. In na gurje shi, rigar haƙorin na tuɓe, kuma ba ta sake fitowa."

"To ki tuɓe mana! Bakina ne ko naki?"

"Naki ne. Hannun kuwa nawa ne."

Ranar na yi rashin kunya, ba zan ɓoye ba. Na ce baƙin ciki take yi, so take mu tsufa a ƙauye kamar ita. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta wanke ƙarafanta. Washegari na tafi Arusha har bakin rumfar mutumin. Na ji kukan injin, na ga wata tana tofar da jini, maganar Mama ta faɗo min, ƙafata ta ƙi shiga.

Ndekirwa ta samu aikin, ni na dawo na koyi ɗinki. Shekara shida ban gaishe da Mama Elisante ba, daga baya kuma aure ya kai ni Moshi. Kafin Ndekirwa ta kai arba'in ruwan sanyi ya gagare ta, yanzu haƙoran roba ne a bakinta. Amma ta gina wa uwarta gidan bulo, ni ban gina ba. Wannan ma gaskiya ce.

Bara aka ce min Mama tana kwance, idanun sun tafi. Na hau mota, duk hanya ina shirya yadda zan roƙe ta gafara. Na durƙusa na faɗi sunana.

"Eliaichi? Mai tsiwar nan? Matso."

Ta sa aka kawo ruwa ta wanke hannu, ta lalubi haɓata, ta bi haƙorana da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan girgiza kowanne, leɓenta yana motsi.

"Talatin da biyu," in ji ta. Sannan muryarta ta karye. "Shekara talatin da wani abu ina tambayar kaina ko na cuce ki. Abincinki na hana ki, 'yata. Kin yafe min?"

Wayyo ni. Ni da na zo roƙo, ni ake roƙo. Na kifa kaina a cinyarta na yi ta kuka kamar 'yar yaye.